Kalmar da Ta Kori Shefali Daga Ajina

A walimar sunan jikan wani abokina a Greenbelt ne 'ya'yanmu da suka tashi a nan Amurka suka kewaye ni suna tambayar aikin da nake yi kafin in ajiye. Na ce musu Turanci nake koya wa manya a Wheaton, yawancinsu mutanen Bangladesh. Wata daga cikinsu, 'yar wani likita ce mai karatun lauya, ta ce mini cikin ladabi, "Kawu, ai yanzu waya tana yin wannan." Har ta ɗaga wayar ta nuna mini, ko da Allah bai taɓa haɗa ni da irinta ba. Sauran suka ce su ma idan sun sami sarari za su riƙa taɓa koyarwar ranar Asabar, don neman lada. Ban ba su amsa ba, domin a lokacin aka kawo tuwo, ni kuwa ban saba gardama da baki cike ba. Amsar ce nake rubutawa yanzu, kuma a kan kalma ɗaya tak zan gina ta, mai harafi bakwai.

Shekara goma sha takwas na yi ina koyar da Turanci a wata sakandaren maza a Gusau, kafin matata Bilkisu, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta sami aiki a wani asibiti a Largo, na kwaso yara muka biyo ta. Na sauka a ƙasar nan da tabbacin cewa Turawa za su yi layi su saurari mutumin da ya haddace ƙa'idojin harshensu fiye da su. Aikin da aka ba ni shi ne gadin wurin ajiye motoci. Wata goma ina ɗaga sanda ina saukewa, har wani direban tasi ɗan Gana ya gaya mini akwai makarantar manya a Wheaton da ke neman malami.

Ɗakuna uku ne a saman wani kantin shinkafa da daskararren kifi. Mai kantin, Alhaji Motin, mutumin Bangladesh ne, saboda haka duk ɗan ƙasarsu da ya zo sayen kifi da takardar da ta gagare shi a aljihu, sai ya nuna masa matakala. Mai makarantar wata tsohuwar Ba'amurkiya ce, Misis Harlan, siririya, mai takalmin gudu da agogon maza. Ta ba ni ajin gwaji na minti arba'in. Na cika allo da jadawalin lokutan aikatau, na ja layi da rula, na yi bayanin da ko sufeton makarantu ya ji sai ya miƙe ya ba ni hannu. Ɗalibai goma sha biyu suka kwafe komai cikin natsuwa. Da suka fita ta ce Turancina ya fi nata tsabta, kuma da gaske take. Sannan ta nuna mini agogonta.

"Kai ka yi magana minti talatin da takwas. Su goma sha biyu sun raba minti biyu. Wa ya zo koyon magana, kai ko su?"

Wata uku ta zaunar da ni a kujerar baya, ni da furfura ta fara leƙowa, ba ta yarda in ce uffan ba sai an tambaye ni. Daga can bayan na ga abin da ban gani ba ranar gwaji. Kowane ɗalibi yana da takarda a ninke cikin littafinsa, yana jiran a tashi ya nuna: ta mai gidan haya, ta makarantar yara, ta asibiti, ta 'yan inshora. Darasin da suka zo nema yana cikin aljihunsu, ni ina can ina kokawa da allo.

Kada ku ɗauka jahilai nake koyarwa. Akwai wanda ya yi alƙalanci a ƙasarsu, a nan yana yanka albasa a gidan abinci. Akwai malamin lissafi da ke tuƙa tasi, wanda idan na yi kuskuren ƙirga ɗalibai sai ya yi tari. Irin waɗannan mutane sun san nahawu, wasu har sun fi ni son sa. Abin da ba su sani ba shi ne abin da takarda take so da su.

Kayan aikina huɗu ne, uku suna shiga jaka. Na farko kwalin takalmi, cike da kwafin irin waɗancan takardu, an shafe sunaye da baƙin alƙalami. Na biyu ƙamus na Turanci da Bangalanci, kamar yadda nake kiran harshensu, mai kaurin bulo. Ban iya karanta ko harafi ɗaya na rubutunsu ba, wanda yake rataye a jikin layi kamar shanya a igiya. Ni dai in nemo kalmar Turancin, in ɗora yatsa, in juya littafin ya fuskanci ɗalibi, in kalli fuskarsa. Fuskar nake karantawa. Na uku tsohuwar wayar tarho ce ta tebur, igiyarta a yanke. Duk wanda ya ce ya gane kalma sai in tura masa ita, ni in juya baya in zama ma'aikacin ofis wanda bai karya kumallo ba, mu ga ko kalmar za ta fito. Na ga wanda ya cinye jarrabawar takarda, ya zo gaban wannan waya ya manta sunan titinsu.

Na huɗu Larabcin da muka gada tare ne. Wata rana ina fama da wani dattijo a kan kalmar da ke nufin abin da aka damƙa wa mutum ya riƙe, bakina ya suɓuce na ce amana. Ya daki tebur ya ce amanat. Daga ranar na gano niyya da haƙƙi da hukunci da duniya duk suna can a bakinsu, sun ɗan canza riga kawai. Misis Harlan ba ta da wannan gada. Ta ce in yi amfani da ita, amma kada in bi ta kanta da babbar mota.

Kowace kalma muka ɗauko daga takarda, kati nake yi mata, in rubuta tambaya uku a baya. Me take nufi? Daga bakin wa take fitowa, kuma wa ake gaya wa? Me zai biyo baya idan ka faɗe ta, ko ka sa hannu a ƙarƙashinta? Wayarku tana amsa ta farko kafin ku ƙifta ido, ban musa ba. Ta biyu tana ɗan taɓawa. Ta uku ita ce sana'ar, kuma ita na tsallake ranar da Shefali ta kawo takardarta.

Shekarar da tattalin arzikin ƙasar nan ya durƙushe ke nan, gidaje suna komawa hannun banki, gidajen abinci suna sallamar masu wanke-wanke. Ajina na mutum ashirin ya koma bakwai. Wanda aka kora daga aiki ba ya zuwa don kunya, wanda ba a kora ba ba ya zuwa don tsoron kada a neme shi ba ya nan. Misis Harlan ta haɗe azuzuwa, aka bar mini Asabar da safe kawai, daga tara zuwa sha ɗaya, sabon shiga da tsohon hannu duk a wuri guda. In taso daga Largo, in canza jirgin ƙasa a tsakiyar birni, in fito a Wheaton, kuma a kan doguwar matakalar lantarkin tashar nan, wadda mutum zai karanta shafi biyu kafin ya ga rana, nake shirya darasi. Gaggawa ta shige ni a shekarar. Ban ankara ba na koma ƙamus mai ƙafa biyu.

Shefali matar wani direban tasi ce mai suna Anwar. Ba ta wuce shekara talatin da biyar ba, rubutunta kamar na inji, kuma ita ce ɗalibar da ta fi kowa ƙwazo a cikin bakwai ɗin. Surukarta, mahaifiyar Anwar, tana tare da su, shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da ita shekara uku. Shefali ke ɗaga ta, ta juya ta, ta yi mata wanka, ta ba ta abinci a baki, ga yara biyu 'yan makaranta. Awa biyun nan na Asabar su kaɗai take fita, Anwar ya zauna da tsohuwa. To a shekarar fasinja ya yi wuya, Asabar da safe kuwa lokacin masu zuwa filin jirgi ne, saboda haka awa biyun ma suka fara zaizayewa. Ta zo a makare, ta fita kafin a tashi, wuyan hannunta ɗaure da bandeji.

Ranar ta tsaya bayan darasi ta miƙo mini takarda daga ofishin ƙaramar hukuma mai kula da tsofaffi. Wata ma'aikaciyar asibiti ce ta sa sunansu a layi tun bara, yanzu layi ya zo kansu. An ba su mako uku su kira su ce sun karɓa, in ba haka ba a ba na bayansu, su koma ƙarshe. Ta ja layi da fensir a ƙarƙashin kalma ɗaya: respite.

Ba kalmar kasuwa ba ce. Ba'amurke zai yi wata shida bai furta ta ba. Wuri biyu take zama. A jarida, idan an yi kwana goma ana zafi sannan ruwa ya sauka, sai su rubuta cewa an sami respite daga zafin. Sai kuma a takardun masu jinya, inda take nufin a turo wani wanda aka horar ya zauna da majinyaci na 'yan awoyi, mai jinya ya sami sararin numfashi. Duk na san wannan. Amma ina kallon agogo, masu ajin sha ɗaya sun fara leƙowa. Na ce mata ɗan hutu ne daga wani abu mai wahala ko marar daɗi, kamar yadda yake a littafi. Na buɗe ƙamus, na ɗora yatsa, na juya mata. Ban kalli fuskarta ba, ina tattara katuna.

"Hutu daga me, Sar?" Haka suke kiran malami.

"Daga jinyar mana. Abu ne mai kyau, ki kira su."

Ta ninke takardar sau huɗu, ta ce ta gode. Asabar ta gaba ba ta zo ba. Ta bayanta ma haka.

Alhaji Motin ne ya tare ni a gindin matakala a Asabar ta biyun, yana goge hannu da tsumma. Ya fara da tambayar iyali, ya bi da farashin kifi, sannan ya shigo maganar. Anwar ya zo kantin ransa a ɓace, ya ce malamin nan ɗan Afirka ya gaya wa matarsa ta shaida wa gwamnati cewa mahaifiyarsa abu ce marar daɗi. A fahimtarsu kuma, duk wanda ya sa hannu cewa ya gaji, za a zo da mota a ɗauke tsohuwa a kai ta gidan tsofaffi. Kowa a cikinsu ya san wani da ya san wani da aka yi wa haka. Ba Anwar ne ya hana ta zuwa aji ba. Ita ce ta ce ba za ta iya haɗa ido da ni ba, tunda na kalle ta na ga mace mai neman kuɓuta daga uwar mijinta. Idan labari ya kai ƙauyensu, kuma labari yana kaiwa, da wace fuska mahaifiyarta za ta fita? Takardar tana ƙarƙashin tulin jaridu. Wa'adinta ranar Talata.

Ku lura, ban yi kuskuren fassara ba. Duk abin da na faɗa mata daidai ne, ku duba wayarku za ku ga haka ta ce. Na ba ta ma'ana tsirara, na bar ta ta ɗinka mata riga da abin da take tsoro.

Da la'asar Bilkisu ta dawo daga aiki, tana zaune tana cire takalmi na ba ta labari, ina ɗan karkata shi yadda laifin zai fi zama na ƙamus. Ta saurara har na gama.

"Malam, lokacin da Inna ta kwanta a asibitin Gusau, wa ya yi jinyarta?"

Mahaifiyata take nufi. Na ce ita ce.

"Ka taɓa jin na ce ina neman hutu? Da na faɗa, da har yau ana ba da labarina a gidanku. Amma kullum da azahar yayarka, Yaya Hajara, za ta shigo da kwano ta ce, tashi ki je ki watsa ruwa, na karɓe ki. Ni ban roƙa ba, ita ba ta ce na gaza ba. To shi ne abin da ke cikin takardar nan. Karɓa ce. Kai kuma ka je ka ce wa baiwar Allah hutu." Ta ajiye takalmin. "Shekara nawa kana koyar da Turanci, a ce sai nas ta yi maka gyara."

Na ce gyara na gari ba ya tambayar takardar shaida. Ta ce in ajiye Turanci in ɗauko mata ruwa.

Ina zuba ruwan na ga inda matsalar take. A gida, namu da nasu, abin nan ba shi da suna a takarda domin ba a roƙonsa, zuwa yake yi da ƙafarsa riƙe da kwano. A nan Yaya Hajara ta zama ofis, sai an kira ta a waya, shi ya sa aka raɗa mata suna. Abin da mutum bai taɓa jin sunansa ba amma ya san shi tun yana yaro, ba a bayyana masa da wata kalmar. Nuna masa ake yi.

Ranar Lahadi bayan azahar muka tafi dubiya, da lemo da dabino. Na zaɓi dubiya da gangan, domin a wurinsu kamar a wurinmu, ko kana fushi da mutum ba ka rufe masa ƙofa idan ya zo gaida marar lafiya. Gidan haya ne mai ɗaki biyu a hawa na uku. Anwar ya karɓe mu yadda ya kamata, babu ƙari: sallama, kujera, shayi mai madara. An kafa gadon tsohuwa a falo kusa da taga. 'Yar ƙarama ce, gashi fari fat, ɓari ɗaya a mace, amma idanun nan babu abin da ke wuce su. Shefali ta gaishe ni tana kallon kafet.

Bilkisu ba ta zauna ba. Ta gaida tsohuwa, ta wanke hannu, ta tsaya tana kallon yadda Shefali ke ɗago ta don ta sha ruwa. Ta ce da ƙugu ake ɗagawa, ba da wuyan hannu ba, ta nuna mata sau biyu. Sannan ta tambaye ta yaushe rabon da ta yi wanka ba ta bar ƙofa a buɗe tana kasa kunne ba. Shefali ta yi dariya.

"Je ki," in ji Bilkisu. "Ina nan. Na karɓe ki."

Shefali ta kalli mijinta, mijin ya kalli uwarsa, uwar ta ɗaga hannunta mai lafiya ta kaɗa kamar mai korar kaza. Shefali ta shige ciki.

Awa ɗaya da rabi ba mu gan ta ba. Bilkisu ta juya tsohuwa, ta shafa mata mai a dugadugai, ta taje mata gashi, tana yi mata hira da Hausa, tsohuwa tana amsawa da Bangalanci, kuma ga alama babu wadda ta ga an saɓa mata. Ni da Anwar muka yi maganar cunkoson hanya, muka yi ta sanyi, muka yi ta fasinjojin da ke shiga mota da kare. Da na ga kafaɗunsa sun sauka sai na ce ina da tambaya irin ta aji. Yanzu matarsa ta gudu ta bar mahaifiyarsa? Ya ce a'a. An ɗauke tsohuwa an kai ta wani wuri? Ya ce ga ta nan. Har yanzu amanat ɗinsa ce, ko ta zama ta matata? Ya ce tasa ce.

"To abin da matata take yi yanzu, shi ne sunansa a takardar nan. A garinku wa ke yi?"

Ya fara lissafawa da yatsu: ƙannensa mata biyu, matar kawunsa, wata maƙwabciya da suka tashi tare. Ya kai yatsa na huɗu ya tsaya. Ban tambaye shi inda suke ba, ya riga ni isa can.

A nan na ba shi haƙuri. Na ce bayanin da na yi wa matarsa rabin bayani ne, laifin nawa ne, ba na ƙamus ba, ina faɗa ina jin idon Bilkisu a ƙeyata. Na sa ya zaro takardar daga ƙarƙashin jaridu muka bi ta layi-layi, muka yi tambaya ta uku da na tsallake. Idan suka kira, wani zai zo ya ga gidan ya yi tambayoyi. Bayan nan za a riƙa turo mai kula na awa huɗu a mako, a cikin gidansu, a gaban idonsu in sun so. Suna iya cewa mace suke so. Suna iya dakatarwa duk ranar da suka ga dama. Babu layi ko ɗaya da ya ambaci mota ko gidan tsofaffi, na sa shi ya nema da kansa bai samu ba.

Duk da haka bai sauko ba. Ya ce ya gane, amma matata daban, ta zo don Allah. Baƙuwar da gwamnati ta turo ta taɓa jikin mahaifiyarsa, mutane su ji, me za a ce ɗanta yana yi? Wannan ba tambayar Turanci ba ce, kuma ba ni da kati a kanta.

Tsohuwa ce ta buga gefen gado, tana son a gaya mata abin da ake ta faɗa a kanta. Anwar ya durƙusa ya yi mata bayani mai tsawo, yana nuna takarda, yana nuna Bilkisu. Ta ba shi amsa gajeriya. Shefali, wadda ta fito a lokacin da ɗankwali a jiƙe, ta toshe baki da hannu. Na ce a fassara mini. Anwar ya sosa kai, ya ce ba wata magana ba ce. Na ce ni malami ne, ba na barin jimla a ƙasa.

"Ta ce shekara uku fuska huɗu take gani, duk ta haddace labaranmu. Ta ce a rubuta sunanta, ita ma tana neman abin nan daga gare mu."

Ta ƙara sharaɗi biyu: mace, kuma ta cire takalmi a bakin ƙofa.

Na zaro tsohuwar wayar daga jaka na ɗora a tebur tsakanin kofunan shayi. Shefali ta ɗauka, na juya baya na zama ma'aikacin ofis. A karo na farko ta ba da haƙuri sau uku, ta bayyana mini cewa tana ƙaunar surukarta kamar uwar da ta haife ta, ta rantse ba gajiya ta yi ba, har na katse ta na ce, Madam, lambar takarda. Sannan na juyo na gaya mata ragowar darasin, wanda shi ne amfanin kalmar. Ba a haɗa ta da ban haƙuri. Matar da za ta ɗauki wayar tana jin ta tun safe har yamma, a kunnenta ba ta fi neman tikitin bas nauyi ba. Jimla huɗu ake bukata: ni ce mai jinyar surukata, na sami takardarku ta respite, mun karɓa, mace muke so. A karo na biyu muryarta ta shige ciki daidai kan kalmar. A na huɗu ta faɗe ta kamar tana sayen albasa, tsohuwa tana kallo tana gyaɗa kai kamar ita ta koya mata.

Ranar Litinin da hantsi Anwar ya kira ni daga cikin tasi, ina jin ƙarar hanya a bayansa. Ya ce Shefali ta kira ofishin, minti huɗu aka yi, ba a ma tambaye ta dalili ba. A muryarsa kamar ya ɗan ji haushin hakan.

Sai da aka yi mako shida ana zuwa ana cike takardu kafin a turo wata 'yar Saliyo mai ƙarfin hannu da ƙarar dariya, Asabar daga takwas da rabi zuwa sha biyu da rabi. Kada ku ɗauka da an turo ta magana ta ƙare. Asabar ta farko Shefali ta shirya, ta ɗauki jaka, ta fita, ta zauna a kan matakala a bayan ƙofarta awa huɗu cur tana saurare. Ta biyu ta kai tashar bas, ta tuna wai ba ta nuna wa matar inda man shafawa yake ba, ta koma. Duk Alhaji Motin ke kawo mini rahoto, shi da ba ya barin kanti amma babu abin da ke faruwa a Wheaton bai sani ba. Ban aika mata saƙo ba. Kalma takan shiga kai a minti ɗaya, kafin ta sauka zuwa ƙafa sai an jira.

Asabar ta uku ta shigo aji tara saura minti biyar, babu bandeji. Ta zauna a kujerarta, ta buɗe littafi, ta rubuta kwanan wata da rubutun nan nata, ta ja layi a ƙarƙashi. Muna kan wata takarda daga kamfanin ruwa. Kafin mu kai sakin layi na biyu kanta yana kan hannunta, barci ya ɗauke ta, irin wanda har baki yake ɗan buɗewa.

Ni kuwa daga makarantar da mai barci a aji yake ƙarasa darasi a tsaye na fito, kuma ban taɓa sassauta wannan doka ba ko a Wheaton. Tsohon alƙali ya miƙa hannu zai taɓa teburinta. Na girgiza masa kai. Muka ƙarasa takardar kamfanin ruwa da raɗa, mu bakwai manya, malamin lissafi yana tambaya da yatsa.

Ƙarar kujeru ce ta tashe ta da sha ɗaya. Ta kalli agogon bango, ta zabura ta wawuri jaka ta yi ƙofa, sannan ta tsaya da hannu a kan mariƙi. Ta sake kallon agogon. Ta juyo.

"Sar, saura awa ɗaya da rabi. Me zan yi da shi?"

Na ce wannan ba ya cikin manhaja.

Ina goge allo na hango ta ta taga. Tashar bas tana hannun dama. Ta tsaya a bakin titi ta jira fitila ta ba da hannu, ta tsallaka, ta yi hagu, tana tafiya a hankali tana kallon kayan da ke cikin tagogin kantuna.